Ko Ya Dace Ɗan Damben Sha'awa Ya Ari Takun Gwanaye?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da yara da samari ke koyon damben zamani, watau damben Turawa na safar hannu, ba zai rasa ganin wani abu guda ba. Da zarar mai horarwa ya juya baya, sai wani daga cikin yaran ya saki hannuwansa su sauka har cinya, ya miƙo haɓa gaba, ya shiga shure-shuren ƙafa cikin sauri yana tuma kamar ɗan akuyar da aka kwance daga turke. In aka tambaye shi inda ya samo wannan, zai ambaci sunan wani zakaran duniya. A shekarun 1960 da 1970 sunan ɗaya ne, Muhammad Ali, kuma sai an biya kuɗin silima ko an sami gidan da ke da talabijin kafin a gan shi. Yanzu kuwa wayar hannu ta zube gwanaye birjik a gaban kowane yaro, daga Roy Jones zuwa Naseem Hamed zuwa Vasyl Lomachenko, kowa da irin takunsa, ana iya maimaita hoton sau ɗari, har a rage masa gudu domin a ga yadda ƙafa ta bi ƙafa.

Wannan al'amari ya daɗe yana raba kan masu horar da 'yan dambe. Wasu na ganin yaron da bai gama koyon tsayuwa ba bai da hurumin ko da kallon irin waɗannan hotuna, balle gwadawa. Wasu kuma na cewa hana yaro gwaji kashe masa basira ne, domin da an tanƙware Ali tun yana ƙarami da duniya ba ta san shi ba. Ko da yake a kan wasa ake maganar, maganar ba ta wasa ba ce, saboda kuskuren ƙafa a dambe ƙoƙon kai ne ke biyan diyyarsa, kuma ƙwaƙwalwar da aka girgiza tun mutum yana ɗan shekara 16 ba lalle ne ta koma daidai ba. Ra'ayin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, mafi yawan abin da yara ke kwaikwaya bai dace su kwaikwaya ba. Akwai dai wani kashi ƙalilan da ya halatta a ara, sai dai abin takaici, wannan kashin shi ne wanda ba ya ɗaukar hankalinsu.

Da ɗan damben sha'awa ana nufin wanda ba don kuɗi yake dambe ba, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar makaranta ko ta soja ko ta 'yan sanda ko ta jiha, burinsa kuma gasar ƙasa, in Allah ya ɗaga shi har wasannin Olamfik. Daga wannan sahu ne Nojim Maiyegun ya fito ya ciyo wa Nijeriya lambar Olamfik ta farko a tarihinta, watau tagulla a Tokiyo cikin 1964, haka kuma Issaka Dabore ya yi wa Nijar a Munik cikin 1972. Saboda haka ba sahun raini ba ne, kuma yana da dokokinsa da suka bambanta da na masu damben kuɗi.

Takun da ake koya wa kowane sabon shiga ba shi da yawa. Mai amfani da hannun dama yakan sa ƙafar hagu gaba, ta dama a baya, tsakaninsu kamar faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, diddigen ƙafar baya a ɗage, nauyin jiki kuma a rabe tsakanin ƙafafun biyu. Bahago sai ya juya lissafin. In za a matsa, ƙafar da ta fi kusa da inda aka nufa ita ke fara tafiya, ɗayar ta biyo ta da daidai tazarar da ta farko ta ɗauka. Ba a harɗe ƙafafu, ba a haɗe su wuri guda, ba a tashi sama da duka biyun sa'ad da hannun abokin karawa ke iya kaiwa ga mutum, kuma ba a ja da baya a miƙe fiye da taku ɗaya ko biyu ba tare da an kauce gefe ba.

Kowace daga cikin waɗannan ƙa'idoji da dalilinta. Ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta dogara ƙasa, ƙugu ya murɗa, kafaɗa ta biyo, sa'an nan dunƙulen hannu ya isar da saƙo. Wanda ƙafafunsa ke harɗe ko suke sama ba shi da madogara, don haka naushinsa na hannu ne zalla, marar nauyi, shi kuwa in aka same shi a wannan hali ko turi kawai ya isa ya kai shi ƙasa. Mai ja da baya a miƙe kuma yana kan layin naushi ne har yanzu, ga shi mai tafiya gaba ya fi shi sauri, ga igiya tana jiransa a baya. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A damben gargajiya, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, shi ya sa ɗan dambe yakan buɗe ƙafa sosai ya kafe kafin ya fara neman makasa. Ba a taɓa jin wanda ya zama Shago ba don ya iya kwaikwayon yadda Shago ke shiga fage.

To, Muhammad Ali ya karya kusan dukan waɗannan ƙa'idoji a gaban duniya, ya kuma ci nasara, kuma wannan shi ne tushen rikicin. Yakan bar hannuwansa ƙasa, yakan kauce wa naushi ta hanyar jan kai baya maimakon sunkuyawa ko tarewa, yakan zagaya dandali a kan yatsun ƙafa, kuma cikin watan Nuwamba na 1966, a karawarsa da Cleveland Williams a Houston, ya nuna shure-shuren ƙafar nan da har yau ake kira da sunansa. Abin da mai kwaikwayo ba ya lissafawa shi ne kayan aikin da Ali ya shigo da su. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 3 ne, faɗin hannuwansa in ya buɗe su inci 78, ga saurin da ba a saba gani ba a ajin masu nauyi, ga kuma ido mai auna tazara, ta yadda naushi kan wuce haɓarsa da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Daɗin daɗawa, ya fara dambe yana ɗan shekara 12 a Louisville cikin 1954, ya yi shekara 6 yana damben sha'awa har ya ci zinariya a Rum cikin 1960. Shure-shuren kuwa, wanda ya lura zai ga yawanci yakan yi su ne sa'ad da abokin karawa ya riga ya jigata ko yake nesa, domin ya rikita shi ya kuma faranta wa 'yan kallo. Yaron da ke yin su a cikin tazarar naushi, a gaban wanda bai ji komai ba tukuna, ya ari rigar ne ya bar jikin da aka ɗinka ta dominsa.

Har wa yau, ba a cika tunawa da cewa shi kansa Ali ya biya kuɗin wannan salo ba, kuma hannu iri ɗaya ne ya yi ta karɓar bashin. Cikin 1962 Sonny Banks ya kai shi ƙasa a turmin farko da naushin hagu mai lanƙwasa irin na lauje. Cikin 1963, a filin Wembley na Landan, Henry Cooper ya sake kai shi ƙasa da irin wannan naushin a ƙarshen turmi na 4, ƙararrawa ce ta ba shi damar farfaɗowa. Ranar 8 ga Maris 1971, a turmi na 15, Joe Frazier ya zubar da shi da naushin hagun dai, ya kuma ba shi kayensa na farko a damben kuɗi. Sau uku ke nan ƙofa ɗaya ce aka shigo ta cikinta, watau ƙofar da hannun daman da ke ƙasa da kan da ake ja baya suka bari a buɗe. Abin da ya cece shi a dukan ukun shi ne ya tashi, domin Allah ya ba shi haɓa mai jure duka da zuciyar da ba ta karaya. Wannan kuwa ba a ganinsa a hoto balle a kwaikwaya, kuma ba wanda ya san yana da shi sai ranar da aka jarraba shi.

Eddie Futch, ɗaya daga cikin masu horarwa mafiya zurfin tunani da Amurka ta yi, ya lura cewa Ali ba ya ajiye hannun damansa inda zai tare naushin zungura na gaba. Da wannan ya shirya Ken Norton, ya umarce shi ya riƙa zungura a daidai lokacin da Ali ke zungura, kuma cikin Maris na 1973 Norton ya karya masa muƙamuƙi ya yi nasara da maki. Sa'an nan ga abin da ya faru a Kinshasa cikin Oktoba na 1974. An shirya George Foreman ne musamman domin ya tsare wa mai rawa hanya, Ali kuwa ya kai shekara 32, kuma tsakanin 1967 da 1970 an hana shi dambe saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Ya gwada zagaye a turmin farko, ya ga ƙafafun ba za su kai shi ƙarshe ba, sai ya jingina da igiya ya bar Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, ya gama da shi a turmi na 8. Watau a daren da ya fi kowane dare ɗaukaka a rayuwarsa ta dambe, mai rawar da kansa ya ajiye rawar.

Labarin Roy Jones ya fi wannan tsanani. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya horar da shi horo mai zafi a Pensacola, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya koyi wasu dabarunsa daga kallon faɗan zakaru. Yakan yi tsalle daga nesa ya kai naushin lauje ba tare da share fage ba, abin da kowane littafin koyon dambe ya haramta. Cikin 2002 ya jingina da igiya ya maida hannuwansa biyu baya, ya kauce wa naushin Glen Kelly da kai kawai, ya kai masa ɗaya ya gama da shi. Cikin 2003 ya haura ajin masu nauyi ya ƙwace kambu daga hannun John Ruiz. Amma cikin 2004, yana ɗan shekara 35, Antonio Tarver ya zubar da shi a turmi na 2, watanni huɗu bayan haka Glen Johnson ya sumar da shi a turmi na 9. Masu kare shi suna ɗora laifin a kan nauyin da ya zubar cikin gaggawa domin ya koma tsohon ajinsa, kuma ba shakka akwai ƙamshin gaskiya a nan. Duk da haka, salon da aka gina bisa saurin ƙiftawar ido ba shi da katangar da za a fake a bayanta ran da saurin ya ragu. In gwani ya rasa wannan sauri a shekara 35, yawancin masu kwaikwayonsa ba su taɓa mallakarsa ba ko da a shekara 20.

Naseem Hamed, ɗan asalin Yaman da aka haifa a Sheffield ta Ingila, shi ma haka. Yakan canja ƙafar gaba yadda ya ga dama, ya kai naushi daga kusurwar da ba a zata ba, wani lokaci ƙafafunsa ma ba sa ƙasa. Cikin Disamba na 1997, a New York, Kevin Kelley ya kai shi ƙasa sau 3 cikin turmi 4, ƙarfin naushinsa ne ya fisshe shi. Cikin Afrilu na 2001 ya gamu da Marco Antonio Barrera na Meziko, wanda ya ƙi ruɗuwa, ya tsaya bisa tsohuwar tsayuwa da hannuwa sama, yana zungura yana kaucewa gefe, yana jira Hamed ya yi tsalle ya rasa madogara sa'an nan ya rama. Turmi 12 aka yi ana wannan darasi. Shi ne kayen Hamed ɗaya tak, amma bayansa karawa ɗaya kawai ya ƙara yi.

Akwai kuma yaudarar da ke cikin hoton kansa. Gajeren bidiyon da ke yawo a waya zaɓaɓɓe ne, an tsamo daƙiƙa goma da dabara ta ci daga cikin shekaru goma, an zubar da lokutan da ba ta ci ba. Ba a haɗa hoton ɗaruruwan yaran da suka gwada irin wannan a ƙananan gasa aka kwashe su, domin ba wanda ya ɗauki hotonsu, in ma an ɗauka ba mai son kallo. Emanuel Augustus misali ne mai ban tausayi. Ba a taɓa ganin ɗan dambe mai takun ban mamaki kamarsa ba, yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu alhali yana kauce wa naushi, har Floyd Mayweather, wanda ya kara da shi cikin 2000, ya sha ambatarsa a matsayin wanda ya fi ba shi wuya. Amma ya gama sana'arsa da nasara 38, kaye 34, kunnen doki 6. Gaskiya ne an zalunce shi a wasu hukunce-hukuncen, kuma ya karɓi karawa da dama ba shiri. To, amma wannan ma darasi ne, domin alƙalai 'yan Adam ne, kuma wanda ke wasa a gabansu yakan sa su zaci ba da gaske yake ba.

Wannan ya kawo maganar dokoki, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi, ko da yake ita ce aka fi mantawa da ita. Karawar neman kambun duniya a damben kuɗi turmi 12 ce, a zamanin Ali ma 15 ce, kafin a fara rage ta bayan mutuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu cikin 1982. A irin wannan doguwar tafiya gwani na iya sadaukar da turmi 2 ko 3 yana nazarin abokin karawa, yana ɗana masa tarkon da sai can gaba zai kama. Ya kuma san wanda zai kara da shi tun watanni kafin ranar, ya kalli hotunansa, ya ɗauko abokan atisaye masu irin salonsa. Ɗan damben sha'awa kuwa turmi 3 gare shi na minti 3 kowanne, minti 9 ke nan duka duka. In ya ba da turmin farko ga rawa, tilas ya ci sauran biyun, ba shi da wurin kuskure. Sau da yawa ba ya sanin abokin karawarsa sai an jefa ƙuri'a, kuma in ya ci yau, gobe ko jibi wani ne dabam, mai yiwuwa bahago, mai yiwuwa dogo. Takun da zai yi masa amfani shi ne wanda ke aiki a kan kowa, ko da ya gaji, ko da tsoro ya kama shi.

Alƙalan da ke zaune a gefen dandali kuma tsabtataccen naushin da ya sauka inda doka ta yarda suke nema, da alamar wanda ke riƙe da ragamar karawar. Tun 2013 aka koma ba da maki 10 ga wanda ya ci turmi, aka bar na'urar ƙirga naushi da aka yi amfani da ita a Olamfik daga 1992 zuwa 2012, kuma a shekarar ce aka cire wa manyan maza hular kariya. Alƙalin tsakiya yana da ikon tsayar da wasa ya yi wa mutum ƙirga 8 ko da bai faɗi ba, in ya ga naushi ya girgiza shi, kuma ƙirga 3 a turmi ɗaya ta kawo ƙarshen karawa. Sunkuyar da kai ƙasa da ɗamara laifi ne, juya baya ma laifi ne. Saboda haka wasu daga cikin kauce-kaucen da ake tafa wa gwanaye a damben kuɗi gargaɗi suke jawowa a nan. Tsalle ɗaya, in ji masu iya magana, ke jefa mutum rijiya.

Duk da haka, masu cewa a bar yara su gwada ba su rasa hujja ba, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Abin da ake kira ƙa'ida yau ba daga sama ya faɗo ba. Sauya ƙafa a tsakiyar kai naushi, wanda masu horarwa da yawa ke hanawa, da shi Bob Fitzsimmons ya shahara, mutumin da ya karɓe kambun masu nauyi daga hannun James Corbett cikin 1897, kuma Jack Dempsey ya yi amfani da shi bayansa. Marvin Hagler da Terence Crawford sun nuna cewa mutum na iya dambe ta dama da ta hagu duka ya kuma gagara. In kowa ya tsaya tsayuwa ɗaya yana taku ɗaya, wanda ya zo da sabon abu yana da riba, domin abokin karawarsa bai taɓa atisaye a kansa ba. Mai horarwar da ke dukan yaro don ya ga ya gwada wani abu, ba tare da ya bayyana masa dalilin hani ba, shi ma yana da nasa laifin, kuma shi ne ke tura yaron ya koma wa waya a ɓoye.

Babbar hujjarsu ita ce Vasyl Lomachenko na Yukren, domin shi a damben sha'awa ya yi sunansa: nasara 396, kaye 1, da zinariyar Olamfik sau biyu, a Beijing cikin 2008 da Landan cikin 2012. Ba wanda zai ce takunsa bai dace da turmi 3 ba. Sai dai in aka rage gudun hotonsa aka duba da idon basira, za a ga abin mamaki, watau kusan ba ya karya ƙa'ida ko ɗaya. Ƙafafunsa na ƙarƙashinsa a koyaushe, nauyinsa a rabe, hannuwansa sama, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai ya fara rufe wa abokin karawa ido da ƙananan naushi ko ya janye masa safa. Abin da ke kama da sihiri tsohon taku ne da tsohuwar juyawa a kan ƙafar gaba, an maimaita su har sun zama jiki. Mahaifinsa, Anatoly, wanda shi ne mai horar da shi, ya sa shi koyon rawar gargajiyar ƙasarsu na tsawon shekaru tun yana yaro domin ƙafafun su saba. Tsakanin wannan da abin da Jones ke yi akwai rata mai faɗi. Na Jones baiwa ce da ba a iya raba ta ga wani, na Lomachenko kuwa karatu ne mai babi-babi wanda za a iya koyarwa, in an sami malami da haƙuri.

Ko a nan ma akwai rami. Lomachenko bahago ne, kuma yawancin abokan karawarsa na dama ne, saboda haka ƙafarsa ta gaba da tasu suna fuskantar juna. In ya sa ƙafarsa ta dama a wajen ƙafarsu ta hagu ya juya, sai ya tsinci kansa a gefensu, nesa da hannunsu na dama mai ƙarfi. Yaro mai amfani da dama, wanda ke karawa da mai amfani da dama, in ya juya lissafin ya kutsa ta hagunsa a kusa, ya kai kansa ne ga bakin wannan hannun da ake gudu. Hoton bai faɗa masa haka ba, domin hoto yana nuna inda ƙafa ta sauka ne, ba ya nuna dalilin saukarta a nan. Kuma ya kamata a tuna cewa shi kansa Lomachenko, a karawarsa ta biyu a damben kuɗi cikin Maris na 2014, Orlando Salido ya kayar da shi da maki ta hanyar matsi da ƙazamin faɗa irin wanda ba a yarda da shi a damben sha'awa ba. Kowane taku da fagen da aka yanka shi dominsa.

Da yara za su karɓi shawara, da an nuna musu waɗanda kallonsu ba ya sa ihu. Teofilo Stevenson na Kyuba ya ci zinariyar Olamfik sau 3, a 1972 da 1976 da 1980, da miƙaƙƙiyar tsayuwa da zungurar hagu da naushin dama guda ɗaya. Makarantar tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta koyar da wani ɗan taku na shiga da fita, gaba kaɗan baya kaɗan kamar lilo, ba tare da tazarar ƙafafu ta canja ba, kuma da irinsa Dmitry Bivol ya hana Saul Alvarez sakat har turmi 12 cikin Mayu na 2022. Wannan taku an ƙera shi ne tun asali domin gajeriyar karawa ta maki, kuma yaro mai matsakaicin baiwa na iya koyonsa cikin watanni. Aibinsa ɗaya, ba a tara 'yan kallo da shi a unguwa.

Abin da ya kamata mai horarwa ya yi, sa'ad da yaro ya zo masa da wani taku da ya gano, shi ne ya zauna su kalla tare, ya tambaye shi abin da gwanin ke gudu da abin da yake nema a wannan taku, da inda hannun abokin karawa yake a lokacin. In yaron bai iya amsawa ba, lokacinsa bai yi ba. In ya amsa, sai a ɗauki wannan abu guda ɗaya, a fara da shi a gaban madubi, a koma kan buhun naushi, sa'an nan atisaye mai sauƙi da abokin da aka gaya wa abin da ake gwadawa, daga baya kuma da wanda ba a gaya wa ba. Ranar gasa ba ranar gwaji ba ce. Yana da kyau kuma a duba ƙasan da ake atisaye a kai, domin juyawar da ta yi sauƙi a kan siminti mai santsi ko rairayi dabam take a kan tamfol ɗin dandali mai riƙe takalmi, inda gwiwa ce ke murɗewa in tafin ƙafa ya ƙi juyawa.

Gidan horon da ya fitar da Naseem Hamed shi ne ya fi kowane nuna yadda ake wannan aiki. Brendan Ingle, mutumin Ayalan da ya zauna a Sheffield, ya shata layuka da da'irori a daɓen ɗakin horonsa na unguwar Wincobank, ya sa yara suna bin su gaba da baya, ta dama da ta hagu, kullum, shekara da shekaru, kafin abin ya zama salon da duniya ta ɗauka hauka ne ko baiwa. Hamed yana ɗan shekara 7 ya fara taka waɗannan layuka, kuma ya riga ya rabu da Ingle fiye da shekara biyu kafin daren Barrera. A ɗakin nan ne kuma aka yi Johnny Nelson, wanda bai yi wani abin kirki ba a damben sha'awa, ya kuma sha kaye a karawarsa uku na farko a damben kuɗi cikin 1986. Ingle bai kore shi ba, shi ma bai bar bin layukan ba. Sai cikin Maris na 1999, shekara 13 bayan waɗancan kaye, ya ci kambun duniya, ya kuma kare shi sau 13 ba wanda ya karɓe shi daga hannunsa har ya yi ritaya.